Tarihin Darasin Insha'in Ingilishi a Ajin Farko na Jami'o'in Amurka



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne tarihin wani darasi guda ɗaya, wanda galibin ɗaliban da ke shiga jami'a a ƙasar Amurka sai sun bi ta cikinsa a shekararsu ta farko, ko likita mutum zai zama, ko lauya, ko injiniya. Darasin kuwa shi ne na koyon rubuta insha'i da Ingilishi. Watakila wani ya ce, ina ruwan malamin Hausa da wannan? To, ruwansa biyu ne. Na farko, rassan wannan darasi sun miƙo har cikin jami'o'inmu, kamar yadda za mu gani nan gaba. Na biyu, ba don baƙi aka ƙago shi ba. An ƙago shi ne don 'ya'yan masu hali na birnin Boston da kewaye, waɗanda suka sha Ingilishi tun daga nono, amma malamansu suka dage a kan ba su iya rubuta shi ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu sake duba abin da muke nufi in mun ce ɗalibi bai iya rubutu ba.

Bari mu fara da sunan abin. Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan rubutu da ita daga Faransanci ta fito, ma'anarta kuwa gwaji. Wani mai sarauta Bafaranshe, Michel de Montaigne, wanda ya ajiye aikin shari'a a garin Bordeaux ya koma gidan gonarsa ya duƙufa kan karatu, shi ya raɗa wa rubuce-rubucensa wannan suna sa'ad da ya buga su a 1580. Yakan ɗauki batu, ko abota, ko tarbiyyar yara, ko mutuwa, ya yi ta juya shi, ya ratse, ya komo, wani lokaci ma ya ƙare bai yanke hukunci ba. Francis Bacon ya bi sawunsa a Ingila a 1597 da 'yan gajerun maƙaloli guda goma. Ku riƙe wannan a zuci, domin abin da makaranta ta mayar da wannan gwaji daga baya ya yi hannun riga da abin da mai shi ya nufa.

An kafa kwalejin Harvard a 1636, kuma har wajen tsakiyar ƙarni na 19 ita da takwarorinta ba su da wani darasi na musamman mai suna insha'in ajin farko. Ɗalibai kaɗan ne, akasarinsu kuma mumbarin coci suka dosa, ko kotu, ko majalisa, wuraren da baki ke aiki fiye da alƙalami. Saboda haka abin da ake koya musu, ban da Latin da Girkanci da lissafi, shi ne balaga. Ɗalibi zai haddace jawabi ya tashi ya yi shi gaban jama'a, a kuma raba su gida biyu su yi muhawara, ana yin haka tun daga ajin farko har na ƙarshe. Littattafan balagar daga Birtaniya suke zuwa: na George Campbell na 1776, da laccocin Hugh Blair na Edinburgh na 1783, da na Richard Whately na 1828. Girman fannin ya kai har wanda ya fara hawa kujerar shaihun malamin balaga a Harvard, a 1806, shi ne John Quincy Adams, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1825.

Yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, shi ya raba wannan zamani da wanda ya biyo baya. Ana cikin yaƙin, a 1862, aka zartar da dokar Morrill, wadda ta ba jihohi filaye su sayar su kafa kwalejojin aikin gona da na ƙere-ƙere. Masana'antu da jiragen ƙasa suka bunƙasa, harkokin ofis suka koma bisa takarda: wasiƙa, rahoto, yarjejeniya. A gefe guda kuma samarin Amurka suka riƙa tafiya Jamus neman digirin dakta, suna komowa da ra'ayin cewa aikin jami'a shi ne bincike mai zurfi a fanni ɗaya. Muhawarar baka ta soma zama tsohon yayi.

A cikin wannan hali aka naɗa Charles William Eliot shugaban Harvard a 1869, yana da shekara 35, masanin kimiyyar haɗa sinadarai ne, kuma ya riƙe jami'ar shekara arba'in. Shi ya sassauta tilascin da ke kan darussa, ya ba ɗalibai dama su zaɓi abin da suke so. Tun a jawabinsa na kama aiki ya koka a kan yadda aka yi watsi da nazarin harshen Ingilishi. Mai riƙe da kujerar balaga a lokacin shi ne Francis James Child, malami ne na gaske, ya yi karatu a Jamus, amma zuciyarsa tana wajen tattara tsofaffin waƙoƙin baka na Ingila da Sikotlan, waɗanda ya tara har 305. Mu da muke fama da tattara namu waƙoƙin baka mun san irin ƙaunar da ke sa mutum wannan aiki, mun kuma san yadda tarin takardun ɗalibai ke tare masa hanya. Child ya shekara 25 yana gyaran insha'i ba da son ransa ba. Da sabuwar jami'ar Johns Hopkins ta nemi ɗauke shi a 1876, sai Harvard ta sauke masa wannan kaya, ta naɗa shi shaihun malamin Ingilishi na farko, don ya zauna. A ganina a nan ne aka dasa wata ƙaya da har yau ba a cire ba: nazarin adabi ya zama aikin manya, koyar da rubutu ya zama wahalar da ake saka wa malami da 'yanta shi daga gare ta.

Wanda kayan ya faɗa a kansa shi ne Adams Sherman Hill, lauya ne ta wajen karatu, ɗan jarida ta wajen sana'a, Eliot ya ɗauko shi a 1872. A 1874 Harvard ta soma yi wa masu neman shiga jarrabawar rubuta insha'i. Akan sanar da littattafai tun da wuri, irin su wasannin Shakespeare da labaran Walter Scott, ranar jarrabawa a ba yaro batu daga cikinsu ya rubuta ɗan gajeren bayani, a duba ingancin harrufansa, da aya da waƙafi, da nahawu. Sakamakon ya girgiza kowa. Akwai shekarun da kusan rabin yaran suka faɗi, alhali daga makarantun share fage mafiya tsada a ƙasar suka fito.

Ya kamata mu tambaya, shin yaran ne suka lalace? Babu wata jarrabawa irin wannan kafin 1874 da za a gwada su da ita, balle a ce na da sun fi su. Makarantunsu Latin da Girkanci suka koya musu, don abin da Harvard ɗin kanta ke nema ke nan. An ba yaro sa'a guda ya yi tsokaci a kan littafin da ya haddace don tsoron jarrabawa, ba shi da abin faɗi, ba shi da wanda yake faɗa wa, sa'an nan aka ƙirga kurakuransa. Amma hukumar jami'a ba ta kalli abin ta nan ba. Hill ya yi ta fafutuka har a 1885 aka mayar da darasin insha'i ajin farko, aka wajabta shi, aka sa masa suna Ingilishi A. Kafin ƙarnin ya ƙare, a jami'ar da ta yi suna wajen sakar wa ɗalibai mara su zaɓi darasi, kusan shi kaɗai ya rage wanda ba makawa sai an yi. Cikin 'yan shekaru kwalejoji a duk faɗin ƙasar suka kwaikwaya.

Ga wani abu da ba kasafai ake tunawa da shi ba. Waɗanda suka kafa darasin ba su nufe shi da zama ba. A wurinsu magani ne na ɗan lokaci, kafin makarantun sakandare su gyara aikinsu. A 1892 wani kwamiti na mutum uku daga wajen jami'a, wato Charles Francis Adams, jikan wancan shugaban ƙasa kuma tsohon shugaban wani babban kamfanin jirgin ƙasa, da E. L. Godkin editan mujallar The Nation, da Josiah Quincy, ya duba takardun 'yan ajin farko. Suka buga rahoto, har da hotunan rubutun yaran da hannunsu, don duniya ta ga kazantarsa, suka ɗora laifin kacokan a kan makarantun ƙasa, suka ce ba aikin jami'a ba ne ta tsaya koyar da abin da ya kamata a gama tun a can. Wasu rahotannin suka biyo baya a 1895 da 1897. Malaman sakandare kuwa suka ce jami'o'i ne suka ɗaure musu hannu da jerin littattafan jarrabawa, kuma ƙorafin nan na daga cikin abin da ya haifi ƙungiyar malaman Ingilishi ta ƙasar a 1911. Laifi tudu ne. Duk wanda ya taɓa zama a taron majalisar tsangaya a nan ƙasar ya ji wannan muhawara da kunnensa, sunayen makarantun kawai aka sauya.

To, me ake koyarwa a cikin ajin? A nan sai mun koma Sikotlan. Alexander Bain, shaihun malami a jami'ar Aberdeen, masanin mantiƙi da halayyar tunanin ɗan Adam, ya wallafa littafin koyar da insha'i a 1866. Daga gare shi, da marubutan Amurka da suka bi shi, aka gaji kasa rubutun zube gida-gida: siffantawa, da ba da labari, da bayani, da kafa hujja. Shi ne kuma ya shimfiɗa wa sakin layi dokoki, ya ce ya zama batu guda yake ɗauke da shi, jimlar farko ta nuna batun, sauran su bi ta a jere. Duk wanda ya zauna jarrabawar gama sakandare a Afirka ta Yamma ya san waɗannan gidaje huɗu, kuma mu ma mun juyo su cikin littattafanmu na insha'in Hausa, har ɗalibi ya ɗauka tun fil azal haka rubutu yake. Alhali kuwa kasafin wani malami ne, ya yi shi don sauƙin koyar da babban aji. Ba laifi ba ne a yi amfani da shi, sai dai mai rubutu na gaske ba ya zama ya ce yau siffantawa zan yi. Yana da abin da yake son mai karatu ya gane, sai ya siffanta, ya ba da labari, ya kawo hujja, duk a shafi guda.

A Harvard ɗin kuma Barrett Wendell ya shigo da al'adar insha'in kullum: kowace rana ɗalibi ya rubuta shafi guda a kan abin da idonsa ya gani, ya jefa a akwati. Dabara ce mai kyau, don hannu ba ya faɗawa sai da yawan yi. Amma ku lissafa: ɗaruruwan ɗalibai, shafi guda kowace rana, wa zai karanta? Sai aka ɗebo ƙananan malamai, aka ƙago gajerun alamomi da za a riƙa zanawa a gefen takarda da jan tawada, wannan na kuskuren harafi, wancan na karyayyar jimla. Malamin da takarda ɗari ke jiransa kafin gari ya waye ba shi da sukunin tambayar yaro abin da yake nufi. Abin da ido ke saurin kamawa shi zai kama. Ina ganin ta haka ne, ba ta wata falsafa ba, koyar da rubutu ya rikiɗe ya zama farautar kuskure. A 1912 Edwin Hopkins na jami'ar Kansas ya buɗe fitowar farko ta mujallar ƙungiyar malaman Ingilishi da tambayar ko za a iya koyar da insha'i da kyau a halin da ake ciki, ya kuma amsa da a'a, dalilinsa shi ne yawan ɗalibai da ƙarancin malamai. Shekara guda kafin haka Thomas Lounsbury na Yale ya nemi a soke tilascin gaba ɗaya. Ba a soke ba. Fred Newton Scott na jami'ar Michigan ya gwada wata hanya, inda ya ɗauki rubutu a matsayin magana tsakanin mutum da jama'arsa, har ya kafa sashen balaga mai zaman kansa a 1903, amma bayan ya yi ritaya ba da daɗewa ba aka haɗe sashen da na Ingilishi.

Rabin farko na ƙarni na 20 ba sai mun daɗe a kansa ba, don darasin bai sauya sosai ba. Ƙananan malamai, da ɗaliban babban digiri, da mata waɗanda ba a ba su kujerun dindindin ba, su suka ci gaba da ɗaukarsa. A makarantu kuma wani ƙwarangwal ya kafu, mai sakin layi biyar: gabatarwa, hujja uku, kammalawa mai maimaita gabatarwar. Gwajin Montaigne ke nan ya zama bulo, kowa ya zuba ƙasarsa ya fitar da iri ɗaya.

Abin da ya motsa ruwan shi ne sababbin ɗalibai. Dokar 1944 ta biya wa sojojin da suka komo daga yaƙin duniya na biyu kuɗin karatu, fiye da miliyan 2 suka shiga kwalejoji, magidanta waɗanda suka ga duniya, ba su da haƙurin rubuta yadda suka yi hutu. A 1949 malaman darasin suka kafa ƙungiyarsu ta kansu. A 1966 aka yi wani taro a kwalejin Dartmouth tsakanin malaman Amurka da na Birtaniya, inda na Birtaniya suka nace a kan cewa harshe abu ne da yaro ke girma da shi ta hanyar amfani, ba kaya ba ne da ake ɗura masa. A 1971 Janet Emig ta yi abin da, ga mamaki, kusan ba wanda ya yi cikin shekara tamanin da 'yan kai: ta zaunar da ɗalibai takwas 'yan ajin ƙarshe na sakandare, ta sa su rubutu suna faɗin abin da ke zuwa musu a rai, don ta ga yadda rubutu ke samuwa. Ta tarar ba ya bin tsarin da littattafai ke faɗa. Daga nan Donald Murray a 1972, da Peter Elbow a 1973, suka yaɗa koyarwar cewa a kula da yadda ake yin rubutun, ba abin da aka gama kawai ba. Ɗalibi ya yi minti goma yana zuba abin da ke ransa ba tsayawa, ya tsamo batu daga ciki, ya yi daftari, abokansa su karanta su gaya masa inda suka ɓace, ya sake, gyaran harafi da waƙafi ya zo a ƙarshe. Mafi yawan azuzuwan insha'i na Amurka a yau a kan wannan tafarki suke, ko da dai wasu sun zarge shi da sakaci da nahawu, kuma zargin ba duka ne ƙarya ba.

Amma wadda aikinta ya fi shafarmu, a ganina, ita ce Mina Shaughnessy. A 1969 ɗalibai baƙar fata da 'yan asalin Puerto Rico suka rufe kwalejin birnin New York suna neman a buɗe wa 'yan'uwansu ƙofa. A 1970 jami'ar birnin ta karɓi duk wanda ya gama sakandare a birnin, 'yan ajin farko suka tashi daga wajen 20,000 zuwa wajen 35,000. Malamai da yawa suka duba takardun sababbin ɗaliban suka ce waɗannan ba sa koyuwa. Ita kuwa ta tattara insha'i wajen 4,000 ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da littafi a 1977, shekara guda kafin rasuwarta. Abin da ta nuna shi ne kurakuran nan ba na hauka ba ne, suna da tsari. Yaron da ya bar wani harafi a ƙarshen aikatau yana bin ƙa'idar Ingilishin gidansu ne, wanda kuma jimlarsa ta sarƙe yana ƙoƙarin kwaikwayon maganar littafi ne da bai saba da ita ba. In malami ya gano ƙa'idar da yaro ke bi, ya san inda zai sa hannu. Malamin da ya taɓa ganin ɗan Bahaushe ya musanya harafin p da f a rubutun Ingilishi, ko ya ga Bakano da Basakkwace sun rubuta jimla ɗaya ta Hausa iri biyu, ya san gaskiyar wannan. A 1974 ƙungiyar malaman insha'i ta zartar da ƙuduri cewa ɗalibi yana da haƙƙi a kan karin harshensa na gida, abin da ya jawo gardama mai zafi. A ƙarshen 1975 kuma mujallar Newsweek ta fito da babban labari cewa yaran Amurka ba su iya rubutu ba, kusan shekara ɗari cif bayan jarrabawar Hill, da kusan kalmomi iri ɗaya. Ƙofar New York ɗin ma ba ta daɗe a buɗe ba: an sa kuɗin makaranta a 1976, a 1999 kuma aka yanke shawarar janye darussan share fage daga manyan kwalejojin jami'ar.

Game da baƙin ɗalibai, akwai wata maƙala ta Robert Kaplan ta 1966 da ta yi tasiri ƙwarai. Ya duba ɗaruruwan insha'in ɗaliban ƙasashen waje, ya zana hotuna: Bature miƙe yake tafiya kamar kibiya, Balarabe yana jera magana bibbiyu, mutumin Gabas mai nisa yana kewaye. Ya yi daidai da ya lura kowace al'umma da yadda take jera zance. Inda nake ja da shi, kuma shi ma daga baya ya sassauta, shi ne ɗaukar kibiyar nan a matsayin ɗabi'ar Ingilishi. Ba ɗabi'ar Montaigne ba ce, ba ta manyan marubutan Ingila ba ce. Tarbiyyar Bain ce da Hill, shekarunta ba su kai ɗari biyu ba.

Ta yaya abin ya iso gare mu? Insha'in sakandare ta hannun Ingila ya zo. Amma darasin dole na ajin farko a jami'a ba al'adar Ingila ba ce, don can ɗalibi fanninsa yake kamawa tun ranar farko. Hanyarsa ita ce Nsukka. Dakta Nnamdi Azikiwe a Amurka ya yi karatu, kuma jami'ar da aka buɗe a can a 1960 an tsara ta da taimakon jami'ar jihar Michigan, ɗaya daga cikin kwalejojin da suka ci moriyar dokar Morrill. Ita ta fara shigo da darussan ilmin bai-ɗaya, har da na amfani da Ingilishi, daga baya Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta su ko'ina. Sai dai mun ɗauko suna da tilasci, mun bar abin da Hopkins ya yi kuka a kansa tun 1912. A Amurka ana ƙoƙarin kada ajin insha'i ya wuce ɗalibi ashirin ko ashirin da 'yan kai. A nan kuwa akan tara ɗaruruwa a zaure ɗaya, a wurare da dama a auna su da tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu a kwamfuta, har ɗalibi ya ci darasin rubutu bai rubuta sakin layi guda wani ya karanta ba. Mu ma a sassan Hausa ya kamata mu tambayi kanmu sau nawa muke mayar wa ɗalibi takardarsa mu ce ya sake, maimakon mu sa maki mu wuce.

A Harvard har yanzu kowane ɗan ajin farko sai ya yi darasin rubutu, shekara 140 bayan an kafa shi don ya cike giɓi na ɗan lokaci. Tun daga watan Nuwamba na 2022, da manhajar ChatGPT ta fito, na'ura tana iya tsara insha'i mai sakin layi biyar cikin daƙiƙoƙi, babu kuskuren harafi, babu na waƙafi, wato duk abin da jarrabawar 1874 ta nema. Wasu malaman sun koma sa ɗalibai rubutu da hannu a cikin aji. Wasu suna neman ganin kowane daftari tun daga na farko. Wasu kuma sun soma kiran ɗalibi ya tsaya ya kare abin da ya rubuta da bakinsa, kamar yadda ake yi a zamanin John Quincy Adams.